Ɗakin Ƙasa a Erdenet

Shekara goma sha ɗaya ina tuƙa motar tama
daga bakin ramin tagulla zuwa injin niƙa.
Tayarta ɗaya ta ninka ni tsawo,
amma kwalbar da ba ta kai kamu ɗaya ba
ita ta kai ni ƙasa.

Da farko don sanyi nake sha.
A garin nan sanyi kan daskarar da gashin ido,
numfashi ya zama ƙanƙara a gemu.
Daga baya don barci.
Daga baya don in daina ganin Enkhtur
yadda aka tsince shi bayan tashar bas,
takalmi ɗaya a ƙafa, hula a hannu.
Tare muka fita daren nan.
Ni na koma gida.
Daga baya ban san don me ba,
hannu ne kawai ya haddace hanya.

Barasa mai ba da rance ce:
ta ranta maka dariya da dare,
ƙarfe huɗu na asuba ta zo karɓa har da ruwa.
Zuciya na dukan uku-uku,
bango na matsowa,
wata murya a ƙirji tana cewa
gidan nan zai fi sauƙi in babu kai.

Ba wa'azi ne ya tashe ni ba.
Wata safiya na ɗaga kwalba daga bayan murhu
na ga zane-zanen fensir a jikin takardarta,
layi ƙarƙashin layi, kamar matakalar rijiya.
Solongo ce, 'yar shekara tara,
take auna abin da ubanta ya sha
don ta san wane uba za ta tarar in an tashi makaranta.

Likita Munkhzul ba ta ɗaga murya ba.
Ta ce, ciwo biyu ne da igiya ɗaya,
baƙin cikin da kwalbar,
in ka ja ɗaya, ɗayan ya biyo.
Kada ka yanke kai kaɗai a ɗaki, jiki na iya tawaye.
Kwana shida na yi a gadonsu,
ina karkarwa har cokali ya gagare ni.

Sai ɗakin ƙasa, ƙarƙashin laburare,
Talata da Juma'a.
Kujeru tara, ba biyu masu kama da juna,
shayi mai madara da gishiri a tsohuwar buta.
Akwai malamin lissafi, akwai mahauci,
akwai yaron da bai fara aske gemu ba.
Tsetsgee, wadda ta tsufa tana sayar da tikitin jirgin ƙasa,
ta ce, faɗi sunanka, sauran ya jira.
Na ce Davaasuren.
Mako uku ban ƙara ko kalma ba.
Ranar da na ambaci Enkhtur
ba wanda ya ce ba laifinka ba ne.
Mahaucin dai ya turo mini kofinsa.

Kwana sittin da uku na yi,
sai bikin sabuwar shekara,
kawuna ya miƙo ƙoƙon azurfa, ido na kallo.
Na karɓa.
Ƙarfe biyun dare na kira Tsetsgee ina kuka.
Ta ce, ka ci abinci? Sha ruwa.
Ka zo Talata,
kujerarka ba ta iya lissafi ba.

Yau ban san ko kwana nawa ba, na bar wa littafi.
Ina shan ƙwayar likita da safe,
wasu dararen har yanzu bangon na motsi.
Solongo kan rungume ni a bakin ƙofa,
ta daɗe kaɗan fiye da kima.
Na san shinshina bakina take yi.
Nakan sunkuyo
don kada ta yi ɗage.